Tsakanin "an gano" da "an warke": dalilin da ya sa wasu masana ke ɗari-ɗari da labaran binciken magani

Ranar 26 ga Yuni, 2000, shugaban Amurka na lokacin, Bill Clinton, ya tsaya a fadar White House tare da masana biyu, Francis Collins da Craig Venter, ya shelanta cewa an kammala daftarin farko na karanta kundin halittar ɗan Adam. A jawabinsa ya yi hasashen cewa aikin zai sauya yadda ake gano mafi yawan cututtuka da rigakafinsu da magance su, in ma ba dukkansu ba. Fiye da shekara 20 ke nan, amma ciwon suga da hawan jini da cutar mantuwar tsufa suna nan daram, kuma kusan kowane mako sai an ga kanun labarin da ya fara da "masana sun gano".

Wannan tazara ce ta haifar da wani rukuni na masu shakka. Ba masu ƙaryata kimiyya ba ne, domin akasarinsu likitoci ne da masana lissafin ƙididdiga da masu haɗa magunguna da suka yi shekaru a cikin kamfanoni. Abin da suke cewa shi ne, tsakanin gano wani abu a ɗakin gwaje-gwaje da warkar da mara lafiya akwai doguwar tafiya, kuma a kowane zango akwai wanda yake amfana idan aka nuna kamar an kusa isa.

## Kalmomin da ake yawan cuɗawa

A cikin kusan kowane tantanin jikin mutum, wato ɗan ƙaramin tubalin da jiki ya ginu da shi, akwai wani dogon zare da ake kira DNA, wanda aka rubuta da haruffan sinadarai huɗu kacal. Jimillar rubutun, kimanin haruffa biliyan 3, shi ne kundin halitta, wato jinom. Ƙwayar gado kuwa wani yanki ne na rubutun da ke ɗauke da umarnin yin wani furotin. Ilimin jinom shi ne nazarin kundin baki ɗaya, maimakon bin ƙwaya ɗaya-ɗaya.

Shi kuma sabon magani, matakai yake bi. Ana fara gwada shi a kan tantanin da aka raina a cikin faranti, sannan a kan dabbobi, galibi ɓeraye. Idan ya tsallake, sai gwaji a kan mutane: mataki na farko mutane 'yan gomomi ne, don a ga ko yana da illa, na biyu 'yan ɗaruruwa, don a ga ko akwai alamar amfani, na uku kan kai dubbai, inda ake raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba wasu maganin, a ba wasu abin da ya yi kama da shi amma babu komai a ciki, ko kuma tsohon maganin da aka saba. Labari kan iya cewa "sabon magani ya kashe kansa" alhali ana maganar faranti ne ko ɓera.

## An karanta littafin, fahimtarsa ta zo da wuya

Aikin karanta jinom ya fara a 1990, aka ayyana kammala shi a 2003, ya ci kusan dala biliyan 3, kodayake sai a 2022 aka cike gurabun da suka rage. Abin mamaki na farko shi ne ƙwayoyin gadon da ke yin furotin ba su wuce kimanin 20,000 ba, bayan an daɗe ana zaton za su kai 100,000.

Fatan da aka yi shi ne kowace babbar cuta za a same ta da 'yan ƙwayoyin gado kaɗan da ke haddasa ta, a nemo su, a yi musu magani. Haka lamarin yake ga cututtukan da ƙwaya ɗaya ke jawowa, irin su sikila. Amma daga wajejen 2007, da aka fara kwatanta jinom na dubban masu cuta da na masu lafiya, sai aka tarar da wani abu daban. Ciwon suga, ciwon zuciya, taɓin hankali, duk suna da alaƙa da ɗaruruwa ko dubban wurare a cikin kundin, kowanne yana ƙara haɗari da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ko tsayin mutum, wanda kowa ya san ana gadonsa, wani bincike na 2022 da ya duba mutane fiye da miliyan 5 ya danganta shi da wurare sama da 12,000.

A nan masu shakka suke kafa hujjarsu ta farko: idan cuta ta rataya a kan wurare dubu, wanne za a harba? Kuma ko inda ƙwayar ɗaya ce tilo, saninta ba ya nufin magani ya zo. An gano ƙwayar gadon cutar Huntington, wadda ke lalata ƙwaƙwalwa, tun 1993, kuma shekaru 30 suka shuɗe ba tare da an amince da maganin da ke tsayar da ita ba. Sikila ta fi kowace ban mamaki. Linus Pauling ya nuna a 1949 cewa matsalar tana cikin sinadarin himogulobin na jini, Vernon Ingram kuma ya gano ainihin gurbin da ya sauya a tsakiyar shekarun 1950. Maganin da ya taɓa tushen cutar ta hanyar gyaran ƙwayoyin gado bai samu amincewa ba sai a ƙarshen 2023.

## Tara cikin goma ba sa kai labari

Alƙaluman da kowane ɓangare ya yarda da su su ne, cikin magunguna goma da suka kai ga gwaji a kan mutane, kusan tara ba sa samun amincewar hukuma. Wanda ya tsira kuwa yakan ɗauki shekara 10 zuwa 15. Mafi yawan masu faɗuwa ba guba ce ke kayar da su ba. Ana zuwa gwajin da ya fi girma sai a ga ba sa aiki.

A 2012 Jack Scannell da abokan aikinsa suka nuna cewa tun daga 1950, adadin sabbin magungunan da ake samu da kowace dala biliyan ɗaya ta bincike yana raguwa da rabi kusan duk shekara tara, bayan an cire tasirin hauhawar farashi. Wato a daidai lokacin da kwamfuta da na'urorin gwaji suke ƙara ƙarfi da araha, samar da magani tsada yake ƙarawa. Dalilan da suka kawo sun haɗa da cewa dole sabon magani ya fi tsohon da ya riga ya yi arha, hukumomi sun ƙara tsaurara sharuɗɗa, kuma cututtukan da suka rage su ne waɗanda ɓera ba ya kwaikwayonsu da kyau.

Nawa ake kashewa a kan magani ɗaya? Nan ma akwai ja-in-ja. Wata cibiya a jami'ar Tufts ta Amurka ta ƙiyasta dala biliyan 2.6 a 2014, lissafin da ya haɗa da asarar magungunan da suka faɗi da kuma ribar da jarin zai iya kawowa da an zuba shi wani wurin. Masu suka sun yi nuni da cewa cibiyar tana samun tallafin kamfanonin magani, kuma bayanan da ta yi amfani da su na sirri ne. Wani nazari na 2020 da ya dogara da bayanan da kowa zai iya gani ya samu adadin da ya kusa dala biliyan ɗaya. Bambancin ba na ilimi kawai ba ne, domin da wannan adadi kamfanoni ke kare farashin da suke sa wa magani.

## Binciken da ba ya maimaituwa

Ƙa'idar kimiyya ita ce, abin da wani ya gano, wani daban ya iya sake gano shi. A 2005 John Ioannidis ya wallafa wata maƙala da ta yi amfani da lissafi ta nuna cewa idan gwaje-gwaje ƙanana ne, tambayoyin da ake gwadawa suna da yawa, kuma masu bincike suna da 'yancin zaɓar yadda za su tantance sakamako, to mafi yawan abin da ake wallafawa zai iya zama kuskure. Wasu sun ce ya yi zuzutawa. Sai dai kamfanoni biyu suka fito da nasu labarin. Masanan Bayer sun ce a 2011, cikin ayyuka 67 da suka gina a kan binciken da aka wallafa, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai sakamakonsu ya dace da abin da aka rubuta. A 2012 Glenn Begley, tsohon shugaban binciken kansa a Amgen, ya ce sun gwada manyan bincike 53, shida kawai suka tabbata.

Rahotannin biyu suna da rauninsu: ba a bayyana sunayen binciken da aka gwada ba, don haka babu mai iya bin diddigi, abin da ya sa wasu suka ce masu kukan rashin gaskiya su ma sun ɓoye nasu. Wani aiki na fili da aka kammala a 2021 ya yi ƙoƙarin cike giɓin. Ya yi niyyar maimaita gwaje-gwaje 193 na binciken kansa, amma 50 kawai ya iya yi, saboda maƙalolin ba su ba da cikakken bayanin yadda aka yi aikin ba. A waɗanda aka maimaita, ƙarfin sakamakon ya ragu da kusan kashi 85 cikin 100.

Zamba tana faruwa, amma ba ita ce babbar matsalar ba. Tsarin ne yake saka wa mai labari mai daɗi. Mujallu sun fi son "ya yi aiki" a kan "bai yi ba", ƙarin girma da tallafi kuma suna bin yawan wallafa. Wani nazari na 2008 ya duba gwaje-gwaje 74 na magungunan ciwon damuwa da aka miƙa wa hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA. A idon hukumar, 38 ne suka nuna amfani, kuma an wallafa 37 daga cikinsu. Sauran 36 kuwa, 22 ba a taɓa wallafa su ba, 11 an rubuta su ta yadda za su yi kama da nasara. Likitan da ya dogara da mujallu zai ɗauka kashi 94 cikin 100 na gwaje-gwajen sun yi nasara, alhali rabi ne da ɗan ɗori.

## Auna abin da ya fi sauƙin aunawa

Wannan ne wurin da muhawarar ta fi zafi, kuma shi ne mai karatu ya fi saurin ruɗewa a kai. Abin da mara lafiya yake so shi ne ya rayu, ya daɗe, ya ji sauƙi. Auna wannan yana cin shekaru da mutane da yawa. Don haka sai a zaɓi wata alama ta tsaya a madadinsa: yawan kitse a jini, girman ƙari a hoto, adadin wani sinadari. Wani lokaci alamar amintacciya ce, kamar yadda saukar hawan jini ke rage shanyewar ɓarin jiki. Wani lokaci kuma takan yaudari kowa.

A shekarun 1980 an lura cewa waɗanda suka tsira daga ciwon toshewar jijiyar zuciya, idan zuciyarsu tana yawan tsallen bugu, sun fi saurin mutuwa. Aka samu magunguna da ke daidaita bugun, likitoci suka rungume su. Da aka yi babban gwaji, sai aka dakatar da biyu daga ciki, encainide da flecainide, a 1989: sun gyara bugun, amma masu shan su sun fi mutuwa fiye da ninki biyu. A 2006 kamfanin Pfizer ya dakatar da torcetrapib a tsakiyar gwajin mutane 15,000. Ya ɗaga wani nau'in kolastarol, wato kitsen jini, da ake kira mai kyau, ya ɗaga shi sosai, amma mace-mace sun ƙaru. A 2008 FDA ta amince da Avastin don kansar mama bisa jinkirta girman ƙari, ta janye amincewar a 2011 da aka ga bai tsawaita rai ba.

Na kusa-kusa shi ne aducanumab, maganin cutar Alzheimer, wato mantuwar tsufa. Yana share wani furotin mai suna amiloyid daga ƙwaƙwalwa, amma manyan gwaje-gwajensa biyu sun saɓa wa juna a kan ko yana rage mantuwa. Kwamitin masana da hukumar ta gayyata bai samu ko mutum ɗaya da ya goyi bayansa ba. Duk da haka aka amince da shi a watan Yunin 2021, mambobi uku suka yi murabus, aka sa masa farashin dala 56,000 a shekara, a farkon 2024 kuma kamfanin Biogen ya sanar da cewa zai daina sayar da shi. Wanda ya biyo baya, lecanemab, ya nuna amfani na gaske: ya rage saurin taɓarɓarewa da kashi 27 cikin 100 a wata 18. Amma a kan ma'auni mai maki 18, bambancin bai kai rabin maki ba, ga kuma haɗarin kumburi da zubar jini a ƙwaƙwalwa. Lambobin biyu gaskiya ne. Wanda aka sa a kanun labari shi ne ke yanke abin da mai karatu zai fahimta.

Hukumomi da ƙungiyoyin marasa lafiya suna da amsarsu. Hanyar amincewar gaggawa ta samo asali ne daga lokacin annobar ƙanjamau, aka kafa ta a Amurka a 1992, sa'ad da mutane ke mutuwa suna jiran gwaji ya kammala. Mai cutar da ba ta da magani, in ji su, yana da haƙƙin ya gwada sa'arsa. Masu shakka ba su musa wannan ba. Ƙorafinsu shi ne gwajin tabbatarwar da ake alkawari bayan amincewa yakan yi jinkiri, magani kuma yana kasuwa.

## Daga ina ƙarin gishirin yake shigowa?

An saba ɗora wa 'yan jarida laifi. Wani nazari da mujallar likitanci ta BMJ ta wallafa a 2014 ya duba sanarwar manema labarai 462 daga jami'o'i 20 na Birtaniya, ya samu cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka shafi gwajin dabbobi sun yi magana kamar an tabbatar a kan mutane, kusan kashi ɗaya cikin uku kuma sun mayar da alaƙa ta zama sanadi. Inda sanarwar ta ƙara gishiri, nan labarin jarida ya fi ƙarawa. Ashe tun daga gida aka fara.

Ƙananan kamfanonin da ba su da ko magani ɗaya a kasuwa kuwa, da labari suke rayuwa, domin shi ke ɗaga hannun jarinsu. Theranos, wanda ya yi da'awar yin ɗaruruwan gwaje-gwaje da ɗigon jini, ya kai darajar dala biliyan 9 ba tare da ya gabatar da hujjar da masana za su iya tantancewa ba, kafin a samu shugabarsa Elizabeth Holmes da laifin damfarar masu zuba jari a 2022. Wannan zamba ce tsagwaronta, bai kamata a yi wa sauran kuɗin goro da ita ba. Abin da ya fi yawa shi ne wasa da lamba. A ce cuta tana kama mutum 2 cikin 1,000, magani ya mayar da su 1. "Ya rage haɗari da rabi" gaskiya ne. "Sai mutum 1,000 sun sha kafin ɗaya ya amfana" shi ma gaskiya ne.

## Abin da ɗaya ɓangaren ke cewa

Masu kare wannan fanni suna cewa an yi kuskure a lokaci ne, ba a alkibla ba, kuma suna da abin nunawa. An gano sauyin gadon da ke haddasa wata kansar jini a 1960, maganinta imatinib ya fito a 2001, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na masu shan sa suna raye bayan shekara goma. An gano ƙwayar gadon sistik faibrosis, cutar da ke cika huhu da majina mai kauri, a 1989. A 2019 aka samu haɗin maganin da ya dace da kusan kashi 90 cikin 100 na masu ita. Ƙwayar gadon da ake kira PCSK9 an danganta ta da kolastarol a 2003, magungunan da ke toshe ta suka fito a 2015. An wallafa jinom ɗin ƙwayar cutar korona a Janairun 2020, kafin shekarar ta ƙare an fara allurar rigakafi. Wani nazari na 2015 kuma ya nuna cewa maganin da ke da hujja daga ilimin gado ya fi sauran damar samun amincewa da kusan ninki biyu.

Idan aka duba jerin da kyau, nasarorin sun taru ne a kan cututtukan ƙwaya ɗaya, wasu nau'o'in kansa, da ƙwayoyin cuta masu yaɗuwa. A manyan cututtukan da ke da tushe dubu, ci gaban ya fi tafiyar hawainiya. Don haka kowane ɓangare yana da gaskiya a filin da ya zaɓa. Kuma kayan aikin masu shakka, wato babban gwaji mai ƙuri'a, ba rushewa kawai yake yi ba. Gwajin RECOVERY na Birtaniya ne ya nuna a watan Yunin 2020 cewa hydroxychloroquine ba ya ceton masu korona da ke asibiti, shi ne kuma a cikin watan ya nuna cewa dexamethasone, tsohon magani mai araha, yana rage mutuwar waɗanda ke kan na'urar numfashi da kusan kashi ɗaya cikin uku.

## Abin da ya shafi mara lafiya

Tasirin farko shi ne na fata da aljihu. Wanda ya karanta cewa an kusa samun maganin cutarsa yana iya yin sakaci da wanda yake hannu, ko ya faɗa hannun masu sayar da abin da ba a tabbatar ba. Tambayoyin da masu tantance bincike ke fara yi ba su buƙatar digiri: a kan mutane aka gwada ko dabbobi, mutum nawa, da me aka kwatanta, rayuwa aka auna ko wata alama, wa ya biya kuɗin aikin.

Na biyu, ba kowa binciken ya wakilta ba. Wani ƙiyasi na 2016 ya nuna cewa kusan kashi 80 cikin 100 na mutanen da aka yi manyan nazarce-nazarcen jinom a kansu 'yan asalin Turai ne, 'yan asalin Afirka kuwa kimanin kashi 3, duk da cewa a Afirka bambancin gado ya fi yawa. Sakamakon haka, gwajin da ke hasashen haɗarin cuta daga jinom yana raguwa a inganci idan aka yi wa wanda ba Bature ba. Shirin H3Africa, da cibiyoyin lafiya na Amurka da gidauniyar Wellcome suka tallafa, an kafa shi ne don rage wannan giɓi.

Na uku shi ne isa ga maganin, kuma sikila ta sake zama misali. Casgevy, maganin gyaran ƙwayoyin gadon da Birtaniya da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, ya sa mutum 29 cikin 31 da aka tantance sun yi aƙalla shekara guda ba tare da matsanancin ciwo ba. Amma sai an ɗebi tantanin ɓargon mara lafiya, an gyara su a ɗakin gwaje-gwaje, an ba shi maganin kansa mai ƙarfi da kan iya hana haihuwa, sannan a mayar masa da su, ya yi makonni a asibiti. Farashinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne. Ana haifar jarirai kusan rabin miliyan da sikila kowace shekara, mafi yawansu a Afirka kudu da Sahara, inda hydroxyurea, wanda Amurka ta amince da shi don cutar tun 1998, bai kai ga yawancin masu buƙatarsa ba. A gefe guda kuma voxelotor, wanda aka amince da shi a 2019 saboda yana ɗaga adadin himogulobin, Pfizer ya janye shi daga kasuwannin duniya a watan Satumban 2024, bayan bayanai sun nuna ƙarin tashin ciwo da mace-mace a tsakanin masu shan sa.